Ƙarfen Auren Mama Matilda

In ka taɓa ratsawa ta layinmu a Sintali da hantsi, to ka ji injin Mama Matilda ko da ba ka ga mai injin ba. Tsohon injin markaɗe ne, sai ya yi tari kamar mai mura kafin ya yarda ya tashi, in kuwa ya tashi sai dai a yi hira da hannu. Ita kuma tana gefensa a kan kujera 'yar tsugunno, doguwa, baƙa, tabarau ɗaure da zare ta ƙeya, tana tura wake da attarugu da ludayin katako. Mu matan layi nan muke jera robobinmu mu tsaya, wai jiran markaɗe, alhali rabinmu labari ne ya fito da mu. A nan na ji yawancin abin da zan ba ku. Sauran kuma da idona na gani.

Bari in fara da sunan, tunda kowa shi yake fara tambaya. Rebeka da Dokas kam muna da su a Jalingo har sun yi yawa, amma Matilda ita kaɗai na sani. An haife ta a wani ɗan asibitin mishan can bayan duwatsu, inda babanta yake aikin bishara. Haihuwar ta zo da wuya, wata sista Bajamushiya ce ta tsaya a kan uwar har aka samu kai. Don murna baban ya ce sista ta zaɓi suna. Ta ce a sa Matilda, sunan wata sarauniyar ƙasarsu ce ta zamanin da can can, matar sarki, mai addu'a da son talakawa. Iyakar abin da aka riƙe ke nan. Uwar ma har ta koma ga Ubangiji “Matulda” take cewa.

Ta zama budurwa ne bayan an mai da babanta Jalingo, unguwar Sarkin Dawaki, ana ginin coci. 'Yan mata suna ɗebo ruwa, tifa tana kawo yashi. Direban tifar wani gajere ne mai wushirya, Tobias, wanda bakinsa ba ya hutawa. Da ya ji an kira sunanta, aka kuma faɗa masa inda sunan ya fito, sai ya diro daga mota ya cire hula ya durƙusa a cikin yashi.

“Ranki ya daɗe! Sarauniyar Jamus ce ke ɗebo mana ruwa? To daga yau kin yi direba.”

“Tashi, Direba, kar ka ɓata wandon, da alama shi ke nan gare ka,” in ji ta.

Har tsufansu sunayen nan ba su sake su ba. Shi ya ce Sarauniya, ita ta ce Direba.

To, a nan ne sai kun saurara da kyau, don duk labarin a nan yake. Tobias ɗan Gindin Maɗaci ne, wani ƙaramin ƙauyen manoman doya can bayan Iware. Mutanen garin suna da abinsu da suke kira ƙarfen aure. Sanda ce ta baƙin ƙarfe, ba ta kai tsawon hannu ba, bakinta da faɗi kamar ruwan fartanya, maƙerin gari ke ƙera ta. Miji ne zai miƙa da hannunsa. Namiji daga gidan uban yarinya ne zai karɓa da hannunsa, ya buɗe baki a gaban dattijon gari ya ce, “Na karɓa, ta zama taku.” Shi ke nan fa, ba wani dogon abu. Amma ko garken shanu ka kai, in ba a yi wannan ba, a wurinsu matar baƙuwa ce. Kuma baƙuwa ba a binne ta a ƙasar gidan miji. Gidan ubanta ake mai da ita.

Dangin Tobias suka zo neman aure da doya da akuya da ƙarfen a naɗe cikin tsumma. Mai bishara ya karɓi doya, ya karɓi akuya, ya ce za a yi wa baƙi abinci da su. Da aka kwance tsumman ya ga ƙarfe, sai ya ja hannunsa baya. Mutum ne da aka kora daga gidan ubansa saboda ya bi Almasihu, kuma yana yaro ya sha ganin ana yanka kaza a kan irin wannan ƙarfe. Ya ce, “'Yata ba da ƙarfe za ta tafi ba, da addu'a za ta tafi. Na ba ku ita kyauta, saboda Allah.” Da zuciya ɗaya ya faɗa, gani yake alheri ya yi musu. Ya kira ɗansa Nehemiya, wan Matilda, ya ce ya ɗauki ƙarfen ya raka baƙi da shi har tasha.

Baƙin suka kalli juna. A garinsu mai da ƙarfe ƙin aure ne. Amma ga mutum yana murmushi yana sa musu albarka, ga mota tana shirin tashi, ango kuma ɗan birni ne da ba ya kwana a ƙauye sai Kirsimeti. Wa zai tsaya gardama da mai bishara? Aka ɗaura aure a coci, da farin mayafi da ƙungiyar mawaƙa. Dangin suka bar wa Tobias ƙarfen, ya jefa shi bayan kujerar tifa, daga baya ya koma ƙarƙashin gado, kowa ya manta.

Suka yi zamansu a Sintali shekara talatin da 'yan kai. Ba zan ce muku ba a faɗa ba, ana yi, don Tobias in ya samu kuɗi sai ya sayo abin da ba a aike shi ba. Shi ya sayo injin nan ma, a kan tifa ya kawo shi ba shawara, ta yi kwanaki ba ta yi masa magana ba, ga shi injin ne ya biya wa 'ya'yansu makaranta. Duk damina ita ke zuwa Gindin Maɗaci ta yi jinyar uwarsa. Ta koyi yarensu har tana zagin akuya da shi. Mutanen garin in sun shigo Jalingo asibiti ko kotu, a falonta suke kwana. Babu wanda ya taɓa ce mata baƙuwa.

Sai baffan Tobias, wanda yake dagacin garin, ya rasu. Aka duba gidan sarautar, manya duk sun ƙare, sai direba da ya riga ya ajiye tuƙi yana zaman benci a ƙofar gida. Ranar da dattawa suka zo masa da maganar ina wurin injin. Ya fito yana dariya har da riƙe ciki.

“Sarauniya! Kashe injin nan ki ji. Sunanki ya jawo mana. Wai ni ne sarki!”

“Sarkin me? Sarkin tifa?”

“Wallahi dagaci. Yanzu sai ki fara koyon tafiya a hankali.”

Mu ma muka ɗauki abin da zafi. Zumuntar Mata ta cocinmu ta fitar da anko, muka yi hayar bas, muka tafi da ganguna da tulun kiɗa. A garin, in za a naɗa dagaci, ana shimfiɗa tabarma biyu a gindin maɗacin da garin ya ci sunansa, ɗaya tasa, ɗaya ta matarsa, wadda suke kira uwar gari. Mama Matilda ta sha ɗaurin ɗankwali kamar zai taɓa reshe. Muna guɗa, muna raka ta, saura kaɗan ta taka tabarmar, sai wani tsoho ya sa sandarsa a gabanta a hankali.

Baba Ɗantani ke nan, babban dattijon garin, shi ke naɗi, shi ne kuma dattijon cocinsu. Ya sha kwana a falonta lokacin da aka yi masa aikin ido. Hausarsa irin ta tsofaffin ƙauye ce, mace ma “kai” yake ce mata.

“'Yata, tsaya nan tukuna. Ƙarfenka yana ina?”

“Wane ƙarfe, Baba?”

“Wanda babanka ya mayar. Ina wurin ranar. Ni na riƙe akuya.”

Wurin ya yi tsit, sai ganga ɗaya da mai ita bai ankara ba. Tobias ya taso daga tabarmarsa, rawani rabi a naɗe.

“Haba Baba! Matata ce fa ta coci. Ga 'ya'yanmu, ga jikoki.”

“'Ya'ya naka ne, ba mai gardama. Coci ma ni na san coci. Amma tabarman nan ba na coci ba ne. Da kana direba ba wanda ya tambaye ka. Yanzu kai ne gari.”

Aka kira Cecilia, ƙanwar Tobias, ta zauna a tabarmar uwar gari, tana ta sunkuyar da kai kamar ita ta yi laifin. Mama Matilda aka kawo mata farar kujerar roba a rumfar baƙi, kusa da kansila. Ta zauna, ta gyara ɗankwalinta, har da tafi da aka gama naɗi. A bas da muke dawowa babu wadda ta taɓa ganga.

Da farko abin bai yi kama da mai wuya ba. Baba Ɗantani da kansa ya ce gyaran mai sauƙi ne: ƙarfen yana nan, miji yana da rai, a samo namiji daga gidan ubanta ya karɓa. Mai bishara ya daɗe da rasuwa, 'yan'uwansa da suka kore shi su ma ƙasa ta rufe su. Saura mutum ɗaya, Nehemiya, wanda ya zama fasto har ya yi ritaya, yana zaune a tsohon gidansu na Sarkin Dawaki. Allah bai ba shi ɗa namiji ba.

Ta zaro ƙarfen daga ƙarƙashin gado, ta kankare tsatsar da toka, ta shafe shi da man gyaɗa. Ta yi wa wanta kunun gyaɗa irin wanda yake so, mai tsamiya, ta tafi. Ya sha kunun sarai. Da ta kwance zanen ya ga abin da ke ciki, sai ya ajiye kofin.

“Matilda, ni na kai wannan abu tasha da hannuna.”

“Na sani, Yaya. Shi ya sa na zo wurinka. Kalma biyar ce kawai.”

“Kalma biyar. In na faɗe su, me na ce? Na ce Baba bai san abin da yake yi ba. Na ce auren da aka ɗaura a gaban bagaden coci wasa ne. Na ce duk shekarun nan zaman banza kike yi a ɗakin Tobias. Ni zan faɗi haka a kan ƙanwata?”

“Ba wanda ya ce haka.”

“Su suka ce! Da suka hana ki tabarma me suke nufi?”

“Yaya, ni ba tabarmar ce ta dame ni ba. Ina da kujera a gidana. Kabari nake ji. In Direba ya riga ni, can za su sa shi. In na bi shi, ina za a kai ni?”

“Ranar tashin matattu Ubangiji ba zai tambayi inda aka sa kowa ba.”

“Shi ba zai tambaya ba. Ni ce nake tambaya.”

Ya ɗaga kai ya kalli hoton babansu da ke jikin bango. Sannan ya ce su yi addu'a. Suka yi. Ta naɗe ƙarfenta ta dawo.

Kada ku ɗauka Fasto Nehemiya mugu ne. Mutumin da in Matilda ta yi zazzaɓi shi ke fara zuwa da lemo a leda. Kuma kada ku ɗauka Baba Ɗantani mugu ne. Duk kakar doya sai ya aiko mata da manya-manya, ya ce a kai wa 'yarsa. Abin da ya sa labarin nan yake min ciwo ke nan: ka duba ko'ina ka rasa wanda za ka zaga.

Haka aka yi ta yi shekara da shekaru. An aika rabaran, babban limamin coci, an aika abokan Fasto na makarantar Baibul, Tobias ya je da kansa da rawaninsa ya durƙusa wa surukinsa. Amsa ɗaya ce. Tobias ya koma wurin dattawa ya ce to ɗan ƙanwar uwarta ya karɓa mana, ai shi ma namiji ne. Suka ce wannan gidan uwa ne, ba gidan uba ba. Ya ce shi ne dagaci, ya soke al'adar. Baba Ɗantani ya ce masa, “Al'adan da ya ɗora ka a tabarma shi za ka soke? To a kan me za ka zauna?”

Ita kuwa ta raba ƙafa. Rabin mako tana ƙauye tana dafa wa baƙin dagaci abinci, tana sasanta matan da suka yi faɗa a rafi, duk aikin uwar gari ita ke yi. In taro ya tashi sai Cecilia ta zauna a tabarma, ita ta koma rumfar baƙi. Sauran kwanakin tana Sintali gaban injinta. In muka tsokane ta muka ce, “Ranki ya daɗe, matar sarki da markaɗe?” sai ta ce, “Ke miƙo robarki, sarautar da ba ta da tabarma ai gara injin.”

Ana nan sai Fasto ya faɗi a banɗaki. Hawan jini. Ɓarin jikinsa na dama ya mutu, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Matilda ce ta koma gidan tana juya shi, tana ba shi kunu da cokali. Wata rana tana goge masa baki, sai ta ga idonsa a kanta yana zubar da hawaye, yana ta motsa leɓe. Ta ce, “Yaya, ƙarfen ne?” Ya lumshe ido. Ita dai ta ce lumshewar amincewa ce. Ba ta tsaya ba, ta aika ƙauye.

Washegari Tobias ya iso da Baba Ɗantani a bayan mashin, tsohon duk ƙura ta bule shi. Ni ma ina ɗakin, don na raka ta. Tobias ya durƙusa gaban gado, ya ɗora ƙarfen a tafin hannun Fasto na dama. Hannun bai rufe ba. Ƙarfen ya zame ya faɗi a siminti, ƙararsa har tsakar gida. Aka ɗauka aka sa a na hagu. Wannan kam ya riƙe.

“Saura magana,” in ji Baba Ɗantani, ya matso da kunnensa dab da bakin mara lafiya.

Fasto ya yi ƙoƙari, Allah ya sani ya yi. Jijiyoyin wuyansa suka tashi. Abin da ya fito wani gurnani ne da yawu. Ya sake. Haka dai.

“Ka ji ai, Baba,” in ji Tobias. “Ya ce ya karɓa. Kowa ya ji. Ko ba ku ji ba?”

Muka ce mun ji.

Tsohon bai ɗago ba, kunnensa na nan a bakin Fasto, yana jira. Ya daɗe a haka. Da ya miƙe, idonsa ya yi ja.

“Ban ji ba.”

“Baba, don girman Allah. Ka ce ka ji. Wa zai sani?”

“Ɗana, shekara nawa mutumin nan yana cewa a'a da bakinsa mai lafiya? Yau ban sani ba, ‘na karɓa’ yake cewa, ko ‘ku ɗauke’ yake cewa. In na sa masa magana a baki ranar da ba shi da baki, na cuce shi.” Ya juya wurin Matilda. “'Yata, ka yafe mini.”

Ta matso bakin gadon. Ta zare ƙarfen daga hannun wanta a hankali, yatsa bayan yatsa, ta gyara masa filo. Bakin Fasto bai sake buɗewa ba har Ubangiji ya ɗauke shi kafin damina ta faɗi. Da shi gidan mai bishara ya ƙare ta wajen maza.

Bayan jana'izar Tobias ya zo ya zauna a bencinsa na da, kusa da injin, ba rawani. Na ji su da kunnena.

“Sarauniya, zan ajiye musu sarautarsu. In dawo nan. In mun mutu a kai mu maƙabartar coci, ke nan ni nan.”

“Ka tambaya?”

Ya kau da kai.

“Ka tambaya, Direba. Na ga fuskarka.”

“Sun ce wanda ya taɓa zama a tabarma, ko ya sauka, gawarsa ta gari ce.”

“To ka koma ka yi musu aikinsu. Kar a yi biyu babu.” Ta ja igiyar injin, ya yi tarinsa ya tashi, maganar ta ƙare a nan.

Bai daɗe sosai ba bayan haka. Ciwon suga ne ya ci shi a hankali, ya rasu ana tsakiyar damina, kansa a kan cinyarta, a ɗakinsu na Sintali. Kafin azahar motar gari ta zo ta ɗauke shi. Muka bi su da ankonmu na Zumunta. A Gindin Maɗaci matar mamaci ce ke zama wajen kan gawa har a fita da ita. Cecilia aka zaunar. Mama Matilda tana rumfar baƙi a farar kujera, masu gaisuwa suna wucewa ta gabanta su shiga ciki su yi wa Cecilia ta'aziyya, in sun fito su tsaya su rasa abin da za su ce mata. Can Cecilia ta fito da kofin ruwa, ta durƙusa a gabanta cikin taɓo tana kuka.

“Adda, wallahi kamar a kan ƙaya nake zaune.”

“Koma ciki, kar a bar shi shi kaɗai. Ki kore masa ƙuda, ba ya son ƙuda.”

Aka binne shi a bayan gidan sarauta, inda dagatai suke kwance kowa da matarsa a gefen hagu. Shi ma aka bar masa filin a hagunsa, don haka ake yi, ko da an san ba mai shiga.

Bayan an share makoki, wata ranar Lahadi da yamma muna zaune a tsakar gidanta, autarta Rejoice, wadda ke koyarwa a sakandare, tana ta latsa waya. Sai ta ce, “Mama, kin san na nemo mai sunanki? Sarauniyar nan ta Jamus.”

“To? Ashe da gaske akwai ta. Karanta mu ji.”

Rejoice ta riƙa karantawa tana juya mana da Hausa. Wai 'yar wani babban gida ce, a hannun kakarta ta tashi a gidan masu ibada. Wai lokacin da aka aurar da ita mijin bai zama sarki ba tukuna, sai daga baya sarauta ta same shi.

“Kamar Direba,” in ji Mama Matilda, har ta ɗan yi dariya.

Wai ta haifi 'ya'ya, ɗaya ya gaji uban, 'yan'uwa suka yi ta rigima a kan gadon sarauta. Wai mijin ya riga ta mutuwa da shekara talatin da wani abu.

“Kai! Ta daɗe ita kaɗai. Da ta mutu fa, ina aka sa ta?”

Rejoice ta ja allon wayar sama, ta karanta. Ta so ta wuce wurin.

“Faɗa mini mana.”

“Kusa da mijinta, Mama. A coci ɗaya, gefe da gefe.”

Mama Matilda ta cire tabarau ta goge da bakin zane, ta mayar.

“Ita kam an karɓi ƙarfenta,” ta ce.

Da aka fara haƙar doya ta shirya ta tafi Gindin Maɗaci, ta ce in raka ta. Ta sami Baba Ɗantani a gindin bishiya, ya tsufa ƙwarai, sai an yi magana da ƙarfi. Ta durƙusa ta kwance zanen.

“Baba, tambaya na zo yi. Wannan na wane ne yanzu?”

Ya shafa ƙarfen da yatsunsa. “Ba a karɓa ba. Na mijinka ne har yanzu. Na gidan nan ne.”

“To shi ba baƙo ba ne.”

“Ba baƙo ba ne.”

“In na sa shi a filin nan na hagun Direba, akwai mai hanawa?”

Tsohon ya ci gaba da shafa ƙarfen. Ina ganin yana ta juya al'adar ne a ransa, yana neman inda ta hana, ko kuma inda za ta ba da fiye da haka. Bai samu ko ɗaya ba.

“Ba mai hanawa,” ya ce.

Ta ƙi a kira mata samari. Ta ari fartanyar Cecilia, ta haƙa da kanta, ƙasar da sauran laushin damina. Ba rami mai zurfi ba, iya gwiwar hannu. Ta sake shafe ƙarfen da man gyaɗa daga 'yar kwalbar da ta zo da ita, ta naɗe shi da ɗankwalin nan da ta ɗaura ranar naɗi, ta kwantar da shi ta mai da ƙasa, ta daddanna da tafin hannu. Ta ɗan jima a tsugune.

“Direba, ga shi nan. Ka riƙe mini wurin, ko da ba zan zo ba.”

Ta miƙe da kyar, ta karkaɗe zane, ta ce mu yi sauri kar motar Iware ta cika, gobe Litinin masu ƙosai da wuri suke kawo wake.

Tana nan har yanzu. Ta riga ta gaya wa Rejoice cewa in ranar ta zo kada a yi rigima da kowa, a kai ta maƙabartar coci kusa da babanta da Yaya Nehemiya, tunda nasu ce ita. Injin ma yana nan, tarinsa ya ƙaru. Wani lokaci in baƙuwa ta zo markaɗe ta tambayi sunanta, ta ce, “Matilda? Wane irin suna ne wannan?” sai mu yi shiru mu ji me za ta ce. Da can takan ba da labarin sista da sarauniya har da kwaikwayon Hausar Bajamushiya. Yanzu sai ta ce, “Sunan wata mata ce,” ta miƙa hannu ta karɓi robar.